Hoton da Tarmuji Ya Kulle

Talata, bayan la'asar. Kwana goma sha biyu.

Yu Tumirah ce ta ce in riƙa rubutu, wai macen da ba ta kuka a gaban mutane gara ta sami inda za ta zubar. Yayar mijina ce, kuma shekara goma sha tara da shigowata gidan nan ba ta taɓa rasa shawarar da za ta ba ni ba. Wannan karon na ɗauka, don littafi ya fi ta iya yin shiru.

Ranar sadakar teku, bikin da ake kai wa teku hadaya, mijina Mas Tarmuji ya shiga jirgin Kang Darsun don ɗaukar hotuna, kamar kowace shekara. Jirgin ya tafi da mutum ashirin da uku, ya dawo da ashirin da biyu. An yi kwana bakwai ana nema, sannan liman ya yi masa sallar ga'ib, ya ce wanda ruwa ya ci shahidi ne, mu yi haƙuri. Iyakar abin da zan rubuta a kan wannan ke nan.

Yanzu hoto ake nema a wurina. Ranar arba'in za a raba 'yan littattafan Yasin, kuma dole fuskarsa ta kasance a shafin farko kamar yadda ake yi wa kowane mamaci. Koh Bing mai wanke hotuna ya ce in kai masa, kada in wuce Asabar ta ƙarshe kafin ranar. Mbok, uwar mijina, wadda ke kirana Nduk, wato 'yata, tambayarta ɗaya ce kullum da safe: "Nduk, an samu?"

Ba a samu ba. Mutumin da ya ɗauki kowane aure da kaciya da saukar karatu a ƙauyen nan da uku na kusa, shi ba shi da hoto ko ɗaya. Na aurenmu ambaliya ta cinye. Katin shaidarsa yana aljihunsa. In aka ce ya tsaya a ɗauke shi sai ya ce to wa zai riƙe kyamarar.

Saura kyamarar. Kang Darsun ya kawo mini ita a ranar, tare da jaket ɗin Mas. Tana saman kwaba, ban taɓa ta ba tukuna.

Laraba, hantsi. Sha uku.

Na sa batir a caji. Da ya cika na zauna a baranda, amma ba a kujerarsa ba.

Na san maɓallan, na shekara uku ina kallon babban yatsansa a kansu. Akwai wanda in ka danna sai hotunan su fito a ɗan allon baya. Sai dai wanda aka ɗauka a ƙarshe shi ke fara fitowa, kuma yatsana na kan maɓallin na tuna da haka. Na rufe allon da tafin hannun hagu, na danna, na ƙara danna na dama sau ɗaya don ya zagayo zuwa na farko, sannan na ɗaga hannu. Amarya ce, 'yar gidan Pak Ngadiman, furanni har kafaɗa. A kusurwa an rubuta 1/1214.

Ta tsakanin yatsuna haske kawai na gani. Allon yana da ɗumi a tafin hannu.

Alhamis, bayan la'asar. Sha huɗu.

Daidai wannan lokacin yake zama, shayi na hucewa a gefe, yana yi wa hotunan ranar shari'a. Wanda aka rufe ido, wanda ya girgiza, wanda wani kawu ya gifta da baki cike da shinkafa, duk kwandon shara. "Tafi," haka yake cewa a hankali. Wanda ya yi masa kuma sai ya sa masa 'yar alamar makulli ya ce, "Zauna." Mai makulli ba ya gogewa ko da kuskure, kuma su kaɗai Koh Bing ke wankewa. In an kai masa katin ba ya tambaya, masu makulli yake bi.

Nakan ce masa Allah ya sa kada a taɓa ba shi aikin hisabi, don rabin ƙauyen nan wuta zai tura saboda sun ƙifta ido. Sai ya ce ni dai tawa shari'ar ya gama tun tuni, ba zai faɗa mini hukuncin ba.

Yau na duba ɗari biyu da goma. Babu shi.

Asabar, azahar. Sha shida.

Akwai shi, amma gutsi-gutsi. Inuwarsa a kan yashi, doguwa, gwiwar hannu a buɗe. Rabin kunnensa a madubin ɗakin wata amarya. A jikin wata butar shayi ta azurfa na jawo hoton kusa har sau huɗu, sai ga wani ɗan mutum mai ƙaton ciki da baƙin akwati a madadin fuska. Na nuna wa Yu Tumirah, ta ce in wannan zan kai wa Koh Bing gara mu sa hoton butar gaba ɗaya, ita aƙalla tana da kyau.

Mun yi dariya. Ban san ta yaya ba, amma mun yi.

Lahadi, bayan la'asar. Sha bakwai.

Kang Darsun ya kawo kifi, ya ƙi shiga, ya tsaya a bakin matakala yana murza hularsa. Ya sake ba ni labarin da ban tambaye shi ba. Kowa yana gaban jirgin ana kallon yadda ake sauke kan ɓauna da furanni cikin ruwa, ga ganguna, ga ihun sauran jirage. Mas yana baya shi kaɗai, inda ya saba tsayawa don ya samu kowa a hoto. Ba wanda ya ji komai. Da aka juyo, jaket ne a kan benci, kyamarar a kansa.

"A ninke yake, Yu War," ya ce mini. "Ninki mai kyau."

Na ce zafi ake yi ranar, kowa zai cire jaket. Ya ce haka ne, ya tafi.

Matan da suka zo zaman yamma suna ciki, sun ji. Bu Sarmi, wadda bakinta ba ya hutu, ta ce Mai Teku, sarauniyar da ake cewa tana mulkin ruwan, ba ta ɗaukar mutum haka kawai, ko dai kore ya sa? Yu Tumirah ta ajiye wuƙar albasa. Ta ce ƙanenta a bakin ruwan nan aka yanke masa cibiya. Ko ɗan birni da ya zo yawon Lahadi ya san ba a shiga tekun kudu da kore, launinta ne, wanda ya sa ya kira ta da kansa, balle Tarmuji. Liman yana cewa zancen nan ba addini ba ne, amma ban taɓa ganin matarsa ta zo sayen kifi da koren mayafi ba.

Na ce musu rigarsa ta batik ruwan ƙasa ya sa, jaket a sama. Ita na ajiye masa a kan gado. Ina wurin murhu ya fita, jaket a zuge har wuya.

Mbok tana kusurwa tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

Litinin, hantsi. Sha takwas.

Tafin hannu, danna, dama. Ɗari huɗu da sittin. Babu.

Laraba, azahar. Ashirin.

Na yi kuskuren maɓalli, kyamarar ta koma ta ɗauka. Bakinta ya fito da ɗan kukan nan nasa, allon ya nuna mini baranda: tukunyar fure, igiyar shanya, kujerarsa. Akwai wani ɗan farin murabba'i da ke neman fuskar mutum da kansa, Mas yana alfahari da shi kamar shi ya haife shi. Ya yi ta yawo a allon, sai ya tsaya a saman kujerar, daidai inda kai yake kaiwa.

Na kawar da kyamarar zuwa fure, ya ɓace. Na dawo da ita, ya dawo.

Rana tsaka ce. Kaji suna tono a tsakar gida, rediyon maƙwabta na yi. Ban danna ba. Na kashe ta na shiga ciki, na ce wa Mbok kaina ke ciwo.

Alhamis, bayan la'asar. Ashirin da ɗaya.

Saƙar kujerar ce. Tana da ramuka biyu da layi a ƙasa. Saƙar ce.

Asabar, hantsi. Ashirin da uku.

Daga wajen ɗari bakwai hotunan sun fara lalacewa. Da farko ɗaya-ɗaya, ango ya fito dishi-dishi amma labulen bayansa tar. Daga baya sun yi yawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da yawansu suna da makulli. Ya kalle su a allon nan, a kujerar can, ya ce musu su zauna.

Na tuna mutanen kan tudu da suka zo da ambulan ɗin hotuna a watan azumi. Uban amaryar ya baza hotunan a teburinmu ya ce wa Mas, "Pak Muji, wannan 'yata ce ko hayaƙi?" Mas ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da hanci, ya daɗe, ya ce injin Koh Bing ne. Ni ma na ce injin ne, har na ƙara da cewa tsohon ya kamata ya sayi sabo. Allah ya yafe mini, Koh Bing ma ya yafe.

Bayan wannan akwai hotunan da ba na kowa ba. Kalandar bango, daga nesa, daga kusa, daga kusa sosai. Jarida. Agogo. Zannuwa a kan igiya. Ranar zannuwan ya tambaye ni na tsakiyar shuɗi ne ko. Na ce ja ne mana, ko ka fara tsufa ne? Ya yi dariya, ni ma na yi.

Lahadi, bayan azahar. Ashirin da huɗu.

Akwai ranar da muka je asibiti a birni. Ya shiga shi kaɗai, ya ce in jira a benci. Da ya fito ya ce ba komai, tabarau za a canza. A hanyar dawowa ya ce in tuƙa babur ɗin, wai yana so ya ga yadda ake ji a baya. Daga ranar ni nake tuƙawa. Tabarau kuma ba a canza ba.

Ban tambaye shi ba. Na ga ba ya so, sai na bari, na ɗauka kirki nake yi masa. Yau haushin kaina nake ji har ba na son jin muryata.

Talata, safiya. Ashirin da shida.

Batik ruwan ƙasa tana cikin kwaba, a ƙarƙashin zannuwan gado.

Laraba, hantsi. Ashirin da bakwai.

"Nduk, an samu?"

Na ce tukuna, Mbok.

Ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya. Ba ta saba ƙarawa ba, yau ta ƙara. "Kin duba har ƙarshe?"

Na ce da saura. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da shara, inda ta riga ta share.

Wani hazo ya fito a cikin allon, a kusurwar hagu ta ƙasa, ta ciki inda tsumma ba ya kaiwa. Girman babban yatsa. Yu Tumirah ta ce iskar gishiri ce, in binne kyamarar cikin buhun shinkafa ta kwana biyu. Igiyar ratayawar kuma ba ta bushewa. Na shanya ta a rana tun Litinin.

Jumma'a, bayan la'asar. Ashirin da tara.

Ni ce.

Daga ɗari tara da wani abu zuwa sama da dubu, ni ce. Ina shanya, ta baya. Ina jan ruwa a rijiya. Ina soya tempe na waken soya, hayaƙi ya rufe rabina. Ina faɗa da mai kifi, hannu a ƙugu. Ina barcin rana a tabarma, baki a buɗe kamar kifin da aka manta a kwando. Ban san ya ɗauka ba, ko ɗaya. Na ƙirga arba'in da bakwai. Kusan duk dishi-dishi ne, kuma duk da makulli. Bai kai wa Koh Bing ba.

Ko mai buɗaɗɗen bakin bai ce mata tafi ba.

Na yi kukan da Yu Tumirah take nema, amma ba ta nan, ta tafi kasuwa. Ta yi asara.

Lahadi, hantsi. Talatin da ɗaya.

Na kai ranar. 1163: bakin ruwa da safe, jirage da tutoci. 1170: liman da mai gari. 1178: kan ɓauna a ɗan gidan katako da aka yi masa, mutum shida na ɗauke da shi. 1190: gaɓa ta yi nisa, ƙauyenmu ya zama layi. Babu makulli a ko ɗaya, bai samu zaman la'asar ba.

Na tsaya a 1200.

Litinin, azahar. Talatin da biyu.

1207, bayan mutane. 1208, bayan mutane. 1209, bayan Kang Darsun, gumi ya zana masa taswira a riga. 1210 ruwa ne kawai. 1211 ruwa. 1212 ruwa. 1213 ruwa, kusa sosai, har babu sama.

Batir ya nuna ja. Na gode masa.

Talata, hantsi. Talatin da uku.

Na cire hannuna.

Shi ne. Daga ƙirji zuwa sama, kafaɗa ɗaya a miƙe don shi yake riƙe da kyamarar. Wata uku bai ɗauki hoto mai kyau haka ba, kyamarar ce ta nemo fuskar da kanta. Ana ganin furfurar gefen kunne, ana ganin tabon haɓarsa. Ya taje kansa, a tsakiyar teku, da wannan iskar. Ba murmushi yake ba sosai, fuskar da yake sa dattawa su yi ce in ya ce musu, Mbah, kamar ka tuna wani abu mai daɗi. Kai a miƙe, fili a sama, daidai yadda ake so a shafin farko. Ya yi wa mutane da yawa irinsa.

A bayansa can, bayan mutane da tutoci.

Akwai makulli. Shi kaɗai a duk hotunan ranar.

Talata, bayan la'asar.

Ba zan rubuta launin rigar ba.

Laraba, safiya. Talatin da huɗu.

Kore ce. Mai dogon hannu, da maɓalli har wuya. Ban taɓa ganinta a gidan nan ba.

Mbok ta tambaya, na ce tukuna. Karo na farko ke nan da na yi mata ƙarya tun da na zo, in aka cire zancen gishirin miya.

Na danna kwandon shara. Kyamarar ta ƙi, ta nuna mini makullin yana ƙiftawa. Na san yadda ake cirewa, danna biyu ne. Na zauna da yatsa a kai har allon ya gaji ya mutu da kansa. In na goge, ba shi da fuska a duniya. In na kai, duk wanda ya buɗe littafin zai ga rigar, zai ga tutocin, zai ga wanda ke riƙe da kyamarar. Bu Sarmi ba za ta kai Yasin ba, a shafin farko za ta tsaya. Liman zai haɗiye kalmar shahidi da ya faɗa. Mbok kuma da kalmar nan take tashi kullum, ina jinta tana maimaita ta bayan sallah.

Laraba, bayan azahar.

Ba ya rarrabe launi. Ya kira ja shuɗi, a gabana. Wani ya ba shi riga, ya ɗauka ruwan toka ce. Zafi ya dame shi ya cire jaket, shi mai ninke kaya ne tun asali, ko tawul ninkewa yake. Ya ga haske mai kyau ya ce bari ya gwada sau ɗaya. Ya leƙa ruwa, idon ya yaudare shi, jirgi ya karkata.

Na karanta abin da na rubuta sau uku. Ya tsaya da ƙafarsa. Haka aka yi.

Alhamis, hantsi. Talatin da biyar.

A cikin jerin abubuwan da kyamarar ke yi akwai inda take mayar da hoto baƙi da fari, ta ajiye sabo ta bar na asali. Na taɓa ganin yana yi wa hoton wani tsohon soja. Na yi ta lalube har na samu. Ta ce babu wuri a kati. Sai da na goge ɗaya daga cikin na ruwan, na ji bakina ya ce tafi.

Yanzu su biyu ne a jere. A na biyun rigar ruwan toka ce, irin ta kowane dattijo.

Hazon ya ƙaru. Ya hau har kafaɗarsa.

Asabar, bayan azahar. Talatin da bakwai.

Na tuƙa zuwa shagon Koh Bing. Na yi niyyar goge na asalin a hanya. Na tsaya a gindin gada, na tsaya a gaban masallaci, na isa da shi.

Ya sa katin a kwamfuta, hotunan suka bazu a babban allo, na ƙarshen biyu gefe da gefe. A ɗan allon kyamara koren bai kai haka ba. Koh Bing ya shekara ashirin yana wanke wa Mas hotuna. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar.

"Wanne, Bu Muji?" ya tambaye ni.

Na nuna.

Ya ce baƙi da fari ya fi mutunci a littafi, shi ma da shi zai ba da shawara. Ya ce zai share bayan ya sa fari, zai yanke kafaɗar don ta daidaita. Sai ya ce, yana kallon allon ba ni ba, kwamfutar nan tasa ta tsufa, kwanan nan ba ta nuna launi daidai, komai sai ta karkatar da shi. Na ce na san injinsa ba shi da laifi, tun na mutanen kan tudu. Ya ce ya sani, tun lokacin ya sani, Pak Muji ya roƙe shi kada ya faɗa mini.

Ya cire katin ya sa mini a hannu ya rufe yatsuna a kai. Na tambaye shi zancen farin murabba'in da kujera. Ya ce yakan faru, amma bai ce mini saƙar ce ba.

Lahadi, safiya. Talatin da takwas.

Na ce wa Mbok an samu. Ba ta ce in nuna mata ba.

Litinin, bayan la'asar. Talatin da tara.

Littattafan sun zo, kwali biyu. Maza na kafa rumfa a waje, Yu Tumirah na kicin tana ba mata goma umarni, kowace ta fi ta iya girki. Ni da Mbok muka zauna a ɗaki muna sa kowane littafi a leda.

Ta ɗauki ɗaya ta buɗe, ta kai kusa da fuska. Ta daɗe.

"Ya taje kansa," ta ce.

Na ce e.

"Koriyar ce."

Ba tambaya ta yi ba. Na fara cewa ai baƙi da fari ne, ba a ganewa, sai ta ɗora yatsa a wuyan rigar. Ta ce maɓallin saman ba irin sauran ba ne, ita ta ɗinka shi da hannunta. Rigar mahaifinsa ce, tana akwatinta shekara ashirin. Ranar Alhamis, ana gobe sadakar teku, ya shigo ɗakinta ya ce ta ba shi, ta goge masa.

Sai na zube mata komai. Asibitin, babur ɗin, zannuwan igiya, ja da shuɗi. Na ce idonsa ya tafi, Mbok, bai san launinta ba, ya ɗauka ta toka ce. Na yi ta magana kamar mai kare wani a gaban alƙali. Ta bar ni har na gama.

"Na ce masa, Le, ɗana, kore ce fa, gobe kuma ranar teku ce." Ta rufe littafin. "Ya ce, na sani, Mbok."

A waje wani ya yar da ƙarfen rumfa, aka yi masa tsiya.

"Sai na goge masa," ta ce. "Ɗana ya ce in goge masa riga. Wuyan ma sau biyu na bi."

Kwana talatin da tara tana ɗauke da wannan ita kaɗai, a ɗakin da ke jikin nawa, ni kuma ina ɓoye mata allo. Na so in ji haushinta, na nema ban samu ba. Na kama hannunta, sanyi ƙalau. Ta ce kada Tumirah ta ji. Na ce ba za ta ji ba. Ta goge bangon littafin da gefen zaninta ta sa a leda, ta miƙo hannu in ba ta na gaba.

Talata, kafin la'asar. Arba'in.

Liman ya biyo ya ga shiri. Ya ce zai yi ɗan wa'azi a kan darajar wanda ruwa ya ci kafin a fara karatu, in ba mu da ja. Mbok ta ce ba mu da ja. Ya ɗauki littafi ɗaya ya buɗe, ya ce masha Allah, kamar zai yi magana, ashe dai an samu wanda ya iya tsayar da Pak Muji. Ya tambaya wa ya ɗauka.

"Matarsa," in ji Mbok.

Ya juyo ya dube ni. Na ce e, ni ce.

Shekara goma sha tara, kyamara a gidan kullum. Ban taɓa ɗaukarsa ba ko sau ɗaya.